Malam Abdulhadi Gajere da Zango na Biyar

Laraba, 15 ga Oktoba. Aikin farko: mayar da tabarmin da muka aro a masallaci don zaman makoki. An mayar.

Allah Ya karɓi ran Malam Abdulhadi Gajere ranar Asabar, 11 ga Oktoba, 2025, a gidansa da ke Talata Mafara. Bai yi jinya ba. Ya dawo daga sallar Azahar ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ya kishingiɗa a zaure, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. An sallace shi bayan La'asar, muka raka shi makwancinsa. Mai abu Ya karɓi abinSa, ba mu da ta cewa sai haƙuri.

Sunana Ma'aruf. Ni mutumin Kaya ne a ƙasar Maradun, amma a nan Mafara nake zaune, ina gyaran injin ban-ruwa na manoman rani. Jibirin, babban ɗan marigayin, shi ya ce in rubuta wani abu da za a karanta wa tsofaffin ɗalibai ranar sadakar bakwai. Na gaya masa cikin waɗanda Malam ya koyar akwai malaman jami'a, akwai ma'aikatan rediyo, ni kuwa a sakandare na tsaya. Ya ce ya sani, amma su daga nesa suke aiko gaisuwa, ni nake shimfiɗa masa tabarma. Na fara na yage, na sake farawa na sake yagewa. Abin da hannuna ya saba da shi shi ne rubuta abin da na yi a yini da abin da ya rage ban yi ba. Idan wannan ya yi kama da haka, a yi mini afuwa.

Malam, da kai zan yi magana, don har yanzu bakina bai iya yin zancenka kamar ba ka nan ba. Gobe Alhamis. Yaran za su zo ƙofar zaurenka da yamma kamar yadda suka saba. Sun san ka rasu, wasunsu ma sun bi gawarka daga nesa, amma za su zo, don ba su da wani wurin zuwa. Akwai wadda ka yi wa alkawarin amsa a cikinsu. Makullin zauren yana aljihuna, kuma tun ranar Asabar nake juya shi, na kasa sanin ko ni mai buɗe ƙofar nan ne. Zan zo kan wannan. Bari in bi abin daki-daki yadda ka koya mini.

Ina aji uku na ƙaramar sakandare aka kawo ka makarantarmu ka koyar da Hausa. Mun ji labarin cewa ɗan gidan malamai ne kai daga Bakura, mahaifinka da kakanka duk sun karantar da manyan littattafai a zaure, sai muka zaci mai ɗaure fuska za mu gani. Sai ga ɗan gajeren mutum da alli a bayan kunne, yana tafiya kamar an kira shi a wani wuri. Kafin zuwanka insha'i a wurinmu bai wuce "Garinmu" da "Ranar da ba zan manta ba". Kowa na yayansa yake kwafa, har akan sami mutum biyar da ranar da ba za su manta ba guda ɗaya ce.

Ranar farko ka tambaye mu wa ya taɓa ganin jarumi da idonsa. Ka nuna ni, ina jin don ka ga ina ɓoye kai a bayan na gabana, ka ce me na yi da safe kafin in zo. Na ce ban yi komai ba. Ka ce ba a wayar gari a ƙauye a ce ba a yi komai ba. Na ce kunu kawai na kai wa babana fadama. Daga nan ka yi ta jawo ni da tambaya kamar mai jan guga. Wa ya aike ni? Innata. Me ta ce mini a bakin ƙofa? Ta ce kada in tsaya wasa. Wa na gamu da shi? Wata tsohuwa mai ƙuli, ta ce in bi ta gabas don karen mai lambu yana kwance a hanya. Me ya fi ba ni tsoro? Gungumen giginyar da ake takawa a ƙetare magudanar ruwa, ga kwano mai zafi a ka.

"In da kunun ya zube fa, wa za shi wuni da yunwa?"

"Babana."

"Ashe ƙarfin namiji guda ka ɗauko a kai, ka ƙetare ruwa da shi, kana gaya mini ba ka yi komi ba."

Aka yi dariya, ni kuwa na ji wani abu ya miƙe a ƙirjina wanda ban san sunansa ba. Ka juya ga allo ka ce kowace tafiyar jarumi, tun daga labaran kaka da kakanni, zango biyar gare ta. Akwai aike, wato wanda ya tashe ka da abin da ya sa ka. Akwai guzuri, abin da ka riƙa a hannu ko maganar da aka ba ka. Sai mai nuna hanya, wanda yawanci ba wani babba ba ne a idon mutane. Sai dodo. Na ƙarshe komowa gida. Ka ce mu je mu rubuta aiken da aka yi mana a makon nan bisa wannan tsari, da babbar murya, irin wadda ake ba da labarin mazan jiya da ita.

Doka biyu ka kafa mana tun ranar. Ta farko, ba a ƙarya. An yarda ka kira magudana kogi, don a idon yaron da ke ɗauke da kwano kogi ce, amma ba a yarda ka ce ka yi iyo ba alhali kan gungume ka bi. Ta biyu, labari bai ƙare ba sai jarumi ya komo gida. Wanda ya bar jaruminsa a hanya, ko da rubutunsa ya yi daɗi kamar zuma, sai ka mayar masa da takardarsa ka ce ya je ya ɗauko mutumin mutane.

A shekarar nan babu abin da ba mu mayar tafiya ba: koro awaki da ruwa ya tsare a daji, goyon ƙane zuwa asibiti, korar tsuntsaye a gonar shinkafa, neman allurar da ta faɗi a tsakar gida. Na san ba kowa ya ji daɗin abin ba. Ka taɓa gaya mini 'yan'uwanka a Bakura suna maka tsiya, wai an aika ɗan malam ya karantar, ya koma yin tatsuniya da rana tsaka. Ka ce ka amsa musu da abin da suka fi ka sani: in har hidimar iyaye tana da matsayin da littattafanmu suka ba ta, don me yaro zai rubuta aiken uwarsa da ƙaramar murya? Ban sani ba ko sun gamsu. Ni dai na ga yaran da a da suke jin kunyar a gan su da tallan gyaɗa sun koma suna jayayya kan wanda hanyarsa ta fi dodanni.

Sau ɗaya na ga abin ya ɓaci. Sanusi, abokin zamana a benci, ya rubuta labarin kai niƙa, ya mayar da Ɗantani mai injin niƙan garinmu dodo: fari fat da gari, jajayen idanu, ba ya jin magana sai an yi ihu, kuma kowane kwano ya shiga hannunsa sai ya fito da rama. Labarin ya yi daɗi, ka sa aka karanta a aji, kafin kwana biyu yara suna bin mutumin a titi suna kiransa Dodo. Ya zo makaranta da garin dawa a gemunsa, a fusace. Muna leƙe ta taga muna jiran a yi faɗa. Sai muka ga ka kira mu duka waje, ka rusuna a gabansa, ka ce laifin naka ne ba na yaro ba, don kai ka sa aka karanta. A ranar ka ƙara mana wani sharaɗi, cewa ba a mayar da ɗan Adam dodo, domin kowane mutum yana da uwar da ta haife shi da 'ya'yan da za su ji. Ka sa Sanusi ya sake rubutu. Injin ya zama dodon, Ɗantani ya zama mai riƙe da linzaminsa, wanda ya ba da jin kunnensa don gari ya ci tuwo. Da kanka ka je bakin injin ka karanta masa kana ɗaga murya. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ɗaga hannun hagu ya ce, "A ƙara da cewa yatsana guda yac ci."

Ranar Litinin Ɗantani ya zo zaman makokinka tun daga Kaya, an riƙo shi a hannu. Bai ji ko ɗaya daga gaisuwar da aka yi masa ba. Ya zauna, ya yi addu'a, sannan ya faɗa da irin muryar waɗanda ba sa jin kansu, "Shi kaɗai yat taɓa ba ni haƙuri gaban yara." Mutane da yawa sun sunkuyar da kai.

Ni kuwa abin da ka yi mini ba zai shiga takarda ɗaya ba. Da mahaifina ya rasu, ina gab da gama sakandare, karatu ya tsaya mini daga nan. Ka zo gidanmu a kan keke, ka zauna da Innata a bakin ƙofa kuka daɗe, sannan ka kama hannuna har Mafara wurin wanda ya koya mini gyaran inji. A hanya ka gaya mini gaskiyar da har yau nake jin ta. Ka ce, "Ma'aruf, dodanninka ba su da ban tsoro, ko jariri ba za su hana barci ba. Amma ban taɓa ganin ka tsallake zango ba." Ka ce in riƙa rubuta aiken kowace rana, ko layi biyu ne, don mutumin da ya san abin da ya fito yi ba ya ɓata. Ban sani ba ko yabo ne ko lallashi. Na ɗauke shi a yabo, kuma ban fasa rubutun ba.

Bayan ka yi ritaya ka dawo Mafara, mun zaci hutawa za ka yi. Sai lamarin tsaro ya watsa ƙauyukan da ke bakin daji, mutane suka yi ta shigowa gari da abin da suka iya ɗauka a ka. Wasu suka sami 'yan'uwa, wasu suka sauka a kangayen da masu su ba su gama ginawa ba. Akwai irin wannan kango a bayan layinku. Kana wucewa masallaci kana ganin yaransu zaune a gindin bango, ba wasa ba magana. Wata Alhamis, ranar da makarantun allo ke hutu, ka buɗe zaurenka ka kira su. Ka aiko mini in zo in taimaka, don yanar ido ta fara rufe maka gani, ba ka ganin rubutun fensir. Aikina shi ne shara, shimfiɗa, fere fensira, da karanta abin da suka rubuta da ƙarfi. Wanda bai iya boko ba ya yi da ajami. Wanda bai iya ko ɗaya ba ya faɗa in rubuta masa.

Na zaci labarin gudun da suka yi za ka sa su rubuta. Ka hana. Ka ce wancan dodon ya fi ƙarfin fensirinsu yanzu, su fara da ƙanana su ga cewa ana iya kayar da dodo. Sai suka rubuta layin famfo, da tsintar itace, da neman wanda zai ara musu turmi a garin da ba su san kowa ba. Na tuna ranar da aka fara dariya a zauren nan. Wani yaro ne ya ba da labarin kazar maƙwabta da ta sace masa ƙosai, ya kira ta sarauniyar ɓarayi mai rawani ja. Ka yi dariya har alli ya faɗo daga kunnenka. Da na duba, na ga iyaye mata biyu tsaye a bakin ƙofa, ɗaya tana share ido da gefen mayafi. Daga baya ta ce mini rabonta da jin muryar ɗanta haka tun suna gida.

Cikinsu duka babu kamar Safa. Yarinya ce da ba ta wuce sha uku ba, mai shiru, tana zama can kusa da bango. Mahaifinta ya rasu tun tana ƙarama, mahaifiyarta kuma ba ta fito ba ranar da aka watsa ƙauyensu. Maƙwabta ne suka taho da ita, a wurinsu take raɓe a kangon. Ita ta rubuta cewa layin famfo maciji ne mai jarkoki a gadon baya, kansa a bakin ruwa wutsiyarsa a bakin titi, ba a kashe shi da sanda sai da haƙuri. Da na karanta ka ce in maimaita. Amma duk rubutunta a zango na huɗu yake tsayawa. Ta ci dodo, ta cika jarka, shi ke nan. Ka daɗe kana ƙyale ta, abin da ba ka taɓa yi mana ba.

Alhamis ɗin da ta wuce ka tambaye ta, cikin wasa yadda ka saba.

"Safa, kullum jarumarki tana tsaye bakin famfo da jarka a kai. Wuyanta bai gaji ba? Ina zango na biyar?"

Yara suka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, kai kac ce ba a ƙarya."

"Ni nac ce."

"Kai kac ce kuma sai an komo gida."

"Haka ne."

"To a kango muke kwana. In nac ce na komo gida, na yi ƙarya."

Da na dubi fuskokin yaran na gane ba ita kaɗai ke ɗauke da maganar ba. Sauran duk sun daɗe suna rubuta "na komo gida" don su faranta maka, ita ce ta ƙi. Na ga ka ciro allin daga kunne, ka dube shi, ka mayar. Ba ka yi mata wayon manya ba. Ka ce, "Kin kama ni, ɗiyata. Ban da amsa yau. Ki ba ni zuwa Alhamis mai zuwa." Da suka watse ina naɗe tabarmi, na ji kana cewa, kamar da kanka kake, tsawon shekarun nan dokokin biyu ba su taɓa karo ba don duk wanda ka koyar yana da inda zai koma. Ka ce, "Ashe dokar masu gida ce na kafa." Maganar ƙarshe ke nan da na ji daga bakinka a kan aiki.

Kwanakin nan na yi ta neman amsar da kaina. Na yi tunanin in ce mata ta rubuta "masauki" maimakon "gida", sai na ga sauya suna ne kawai, kuma yarinyar ta fi ƙarfin haka. Na yi tunanin in ce a soke zango na biyar, sai na ga zan bar yara ashirin da wani abu tsaye a hanya da kaya a ka. Daga ƙarshe na yanke shawarar in mayar da makulli. Na ce wa kaina mai gyaran inji ba malami ba ne, kuma gara ƙofa a rufe da a buɗe ta a ba yara amsar banza.

Yau bayan na kai tabarmi na biya gidanka. Na tsaya daga bakin ƙofar tsakar gida, Inna Taiba, matarka, tana ciki bayan labule, Hikima, 'yarku, tana zaune tare da ita. Muka gaisa, ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, ya baƙi, ya gajiyar jama'a. Na miƙa wa Hikima makullin na faɗi abin da ya kawo ni. Inna ta ce a dakata.

"Ran Juma'a hana ni sakat yay yi da zancen yarinyag ga," in ji ta. "Tuwo har ya huce gabanshi. Yac ce, Taiba, ke da anka ɗauko daga Tsibiri, anka kai ki Bakura, anka kai ki Maradun, anka kawo ki nan, ina ne gida wurinki? Nac ce, Malam, sai yau da hurhura kaka tambaya ta?"

Hikima ta yi 'yar dariya cikin hawaye. Inna ta ci gaba.

"Nac ce mai ni ban sani ba. Kuma ni da guɗa anka hitar da ni, ita da kuka, kada ka haɗa mu. Amma dai ni duk yaran da na aika a duniya, ban taɓa ce ma wani ya komo gida ba. Cewa nikai, ka komo mini."

Ta ce sai ka gyara zama. Sannan ka ce ai kuwa haka abin yake tun asali, kai ne ka karkatar da shi: ɗan aike ba gini yake koma wa ba, wurin wanda ya aike shi yake komawa, ya ce ga saƙo, a sa masa albarka. Ka ce ranar Alhamis za ka gyara zango na biyar a gaban yara, ka kuma gaya musu daga bakin wa ka samo gyaran. Sannan ka wanke hannu ka ci tuwon da sanyinsa.

Malam, na ji kamar an sauke mini dutse. Amma ka san halina, ba na ganin gyara ban nemi inda zai yi yoyo ba. Na ce, Inna, akwai saura. Amsar nan ta ishi masu uwa da masu kaka, amma Safa ba ta da mai aikenta. Ni nake karanta takardunta. A zangon farko, inda kowa ke rubuta "Innata ta aike ni", ita abin da take rubutawa shi ne "Ƙishirwa ta aike ni", wani lokaci "Sanyi ya aike ni itace". Kai ka yaba, ni ma na ɗauka gwaninta ce. Sai a bakin ƙofar nan na gane ba ado take yi wa magana ba, dokarka ta farko take bi.

Ina rufe baki na fara jin nauyin abin da na faɗa wa mace mai sabon rashi. Can ta kira sunana yadda take kira tun ina saurayi.

"Ma'aruhu, ni takaba nikai. Wata huɗu da kwana goma ba ni taka ƙofar gida. Hikima an gama bakwai ɗakinta za ta koma. Wa ka kai mini niƙa? Wa ka sawo mini daddawa? Ka turo mini ita. Makullin ga kuma ka mai da shi aljihu, ba a kawo mini kayan maza ina cikin wanga hali."

Na mayar.

Ba zan ce na natsu ba. Ƙauyensu Safa take so, da uwarta, kuma kai niƙa ba zai dawo mata da ko ɗaya ba. Wataƙila ta ji amsar ta ce ba ta isa ba, kuma in ta faɗi haka ba ni da wata. Ban iya sa yara dariya ba. Ban iya jawo labari daga bakin mai shiru kamar yadda kake yi ba. Abin da na iya shi ne in bi zango ɗaya bayan ɗaya ban tsallake ba, kai ka faɗa, kuma ban taɓa kama ka da ƙarya ba. Zan gaya musu gyaran naka ne da na Inna, ba nawa ba. Inda aka tambaye ni abin da ban sani ba, zan ce a ba ni zuwa Alhamis.

Ya Allah, bawanKa Abdulhadi ɗan aike ne, ya riƙe abin da Ka ba shi bai tsaya wasa a hanya ba, ga shi ya koma gare Ka. Ka karɓe shi da rahama. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sanyaya masa makwanci kamar yadda ya sanyaya zukatan 'ya'yan mutane. Ka sa abin da ya koyar ya zama sadaka mai gudana a gare shi. Ka haɗa shi da iyayensa da malamansa a Aljannar Firdausi. Ka kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, waɗanda aka raba da gidajensu Ka mayar da su cikin aminci.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Taiba, Allah Ya ba ta juriya, Ya saka mata da alheri. Ina miƙa ta ga Jibirin da Hikima da sauran 'ya'ya da jikoki, da dangin Malam na Bakura, da dangin Inna na Tsibiri, da duk wanda ya taɓa zama a gabansa a Maradun ko Kaya ko nan Mafara. Ina miƙa ta ga yaran kango, waɗanda ba wanda ya je yi wa gaisuwa, alhali su ma sun yi rashi. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya, Ya kyautata namu ƙarshen.

Abin da ya rage na gobe, Alhamis, in Allah Ya kai mu:

Injin ban-ruwa na Nagode, mutumin Garbadu, a wanke kafireta, a ba shi haƙurin jinkiri.

Kai wa Jibirin wannan takarda ya duba.

Sayen alli. Fere fensira.

Share zaure, shimfiɗa tabarmi, a bar buzun Malam inda yake.

Biyawa kango bayan Azahar, a gaya wa Safa Inna Taiba na kiranta, akwai dawar da za a kai niƙa.

Kada a fara karatu sai ta komo.